Ƙasar Renon Ciyawar Ado: Me Ake Dubawa Kafin a Zuba Iri?

Ka zuba irin ciyawar Bamuda a tafin hannunka ka dube shi da kyau. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, numfashi kaɗan ma sai ya watsa su. A kilo ɗaya akwai ƙwaya fiye da miliyan 3. Irin ciyawar rayigiras da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, shi ma kusan rabin miliyan ne a kilo. Guzurin da ke cikin kowace ƙwaya ɗan kaɗan ne, iyakarsa ya fitar da siririyar saiwa guda da ɗan ganye kamar allura, daga nan ya ƙare. Idan a waɗannan kwanaki na farko saiwar ba ta tarar da danshi da iska da ƙasa mai laushin ratsawa ba, tsiron zai mutu tun kafin mai shi ya san ya fito. Wannan ne ya sa nake ɗaukar zaɓen ƙasar reno da muhimmanci fiye da zaɓen taki, har ma fiye da yawan ban-ruwa.

Yawancin masu fara wannan aiki abin da suke nema shi ne baƙar ƙasa mai ƙarfi, wadda aka cika da taki. Hankali yana karɓar hakan, tunda ita ce ke ba manyan shuke-shuke albarka. Amma jaririn tsiro buƙatarsa daban ce. A makonni biyu zuwa uku na farko abinci kaɗan yake sha, abin da ke kashe shi kuwa yawanci ɗaya ne cikin uku: ruwa ya kwanta ya shaƙe saiwarsa, ko saman ƙasa ya bushe ya yi ɓawo, ko gishirin taki ya ƙone shi. Duka ukun daga yanayin jikin ƙasar suke tasowa. Saboda haka tambayar farko ita ce yaya wannan ƙasa take riƙe ruwa, kuma iska nawa ke saura a cikinta bayan ta sha ta ƙoshi.

Ƙasa ba dunƙule take ba. Kusan rabin jikin ƙasa mai kyau ƙofofi ne da ke tsakanin ƙwayoyinta. Manyan ƙofofin ruwa ke ratsa su ya wuce, iska ta maye gurbinsa. Ƙananan kuwa su ke riƙe ruwa su ajiye wa saiwa. Ƙwayar yashi tana tsakanin milimita 0.05 da milimita 2, ta yumɓu ba ta kai milimita 0.002 ba, lallausar turɓaya kuma tana tsakaninsu. Yashi zalla ƙofofinsa manya ne, ruwa ba ya zama. Yumɓu zalla ƙofofinsa ƙanana ne, ruwa ba ya fita. Saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai, tana shaƙar iskar oksijin dare da rana, don haka ƙasar da ta cika da ruwa har kwana biyu ko uku tamkar an toshe mata hanci ne.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane da yawa, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Ƙasar da ke tsane ruwa lafiya lau a fili, da zarar an ɗebe ta an zuba a faranti ko a ƙananan ramukan tiren reno sai ta koma caɓi. Dalilin ana iya ganinsa da soso. Ka jiƙa soso mai faɗi ya sha ruwa sosai, ka kwantar da shi a tafin hannu har ɗigon ya tsaya. Yanzu ka tayar da shi tsaye a gefensa. Nan take ruwa zai sake zubowa, alhali ba ka matse shi ba. Tsayin ne ya ƙaru, nauyin ruwan da ke sama ya rinjayi ƙarfin da ƙofofin ke riƙe shi da shi. Haka ƙasa take a cikin mazubi. A gindin kowane mazubi akwai wani sashe da ke zama jiƙe sharkaf bayan ban-ruwa, kuma kaurin sashen ya danganta da laushin ƙasar, ko mazubin dogo ne ko gajere. A tukunya mai zurfin santimita 20 wannan sashe ɗan kaɗan ne daga cikin jimla. A tire mai zurfin santimita 4 ko 5 yana iya cinye mafi yawan wurin da saiwa za ta zauna. Ke nan gwargwadon gajartar mazubi, gwargwadon yadda ya kamata haɗin ya zama mai gautsi da manyan ƙofofi.

Daga nan ne kuma ake gane kuskuren zuba tsakuwa a gindin mazubi da sunan taimaka wa ruwa ya fita. Ruwa ba ya son tsallakawa daga lallausar ƙasa zuwa mai manyan ƙwayoyi sai ta cika ta batse. Tsakuwar rage zurfin ƙasar kawai take yi, ta ɗago jiƙaƙƙen sashen zuwa kusa da iri. Huda wadatattun ƙofofi a gindin tiren ya fi amfani.

Masana sun daɗe suna fama da wannan matsala. A shekarun 1930, William Lawrence da John Newell na cibiyar binciken lambu ta John Innes da ke Ingila sun fitar da haɗin da har yau ake kiransa da sunan cibiyar. Na renon iri shi ne kashi 2 na ƙasar lambu da aka turara da zafi, kashi 1 na fit (wato ruɓaɓɓen gansakuka), kashi 1 na yashi. A 1957 Jami'ar Kalifoniya ta wallafa tsarinta da ya dogara ga yashi da fit ba tare da ƙasar gona ba, sannan a shekarun 1960 Jami'ar Konel ta zo da haɗin fit da duwatsun da ake kumburawa da wuta. A ɓangaren ciyawa kuwa, ƙa'idar da ta fi tasiri ita ce ta Ƙungiyar Wasan Golf ta Amurka, wadda ta fara fitowa a 1960 aka kuma yi ta gyara ta. Ta tanadi zurfin santimita 30 na haɗin da yashi ya rinjaya a kan shimfiɗar tsakuwa. Aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ƙwayoyin su kasance tsakanin milimita 0.25 da milimita 1, yumɓu kada ya wuce kashi 3, turɓaya kada ta wuce kashi 5. Ƙofofin iska su kasance kashi 15 zuwa 30, masu riƙe ruwa kashi 15 zuwa 25, ruwa kuma ya iya ratsa aƙalla milimita 150 a awa guda. Wannan ƙa'ida ta filin da ake tattakawa kullum ce, kuma tsakuwar da ke ƙarƙashi da gangan aka sa ta don ta tsare ruwa a gindin yashi mai zurfi, abin da ba zai yi aiki a ɗan tire ba. Mai renon ciyawar gida ba ya buƙatar bin ta baƙi da baƙi. Darasin da ke cikinta shi ne mutanen da suka fi kowa kashe ƙarfi a kan ciyawa girman ƙwayar yashi da yawan iska suka fara aunawa, taki ya biyo baya.

Yashi ne ƙashin bayan yawancin haɗin ciyawa, amma ba kowane yashi ba. Mai laushi kamar gari yana cusa kansa cikin ƙofofi ya toshe su. Wanda ya haɗa manya da ƙananan ƙwayoyi barkatai yana dannewa ya yi tauri, shi ya sa magina ke son sa. Abin nema shi ne wankakken yashi mai matsakaicin kauri wanda ƙwayoyinsa suka yi kusan kai ɗaya. Yashin bakin teku yana zuwa da gishiri da ɓarɓashin bawon ƙwari na ruwa mai alli. Gwajinsa ba wuya, a ɗiga masa binega, idan ya yi kumfa akwai alli a ciki, kuma zai ɗaga ma'aunin tsami da kanwa na ƙasar, wato pH, zuwa ɓangaren kanwa. Wani kuskuren da na ga ana yawan yi shi ne a ɗauki ƙasa mai yumɓu a barbaɗa mata yashi kaɗan wai don ta saki. Yumɓun sai ya cike tsakanin ƙwayoyin yashin, abin ya koma kamar bulo idan ya bushe. Yashi ba ya canza halin ƙasa sai ya yi rinjaye sosai har ƙwayoyinsa suna taɓa juna.

Tunda yashi ba ya riƙe ruwa ko abinci, dole a haɗa shi da abin da zai riƙe. Fit, wato ruɓaɓɓen gansakuka da ake haƙowa daga fadamun ƙasashe masu sanyi, shi ne aka daɗe ana amfani da shi. Yana shan ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa, ba ya zuwa da irin baƙin ciyayi sosai. Aibinsa biyu ne a wurin aiki. Yana da tsami, ma'auninsa na pH yana wajen 3.5 zuwa 4.5, sai an gyara shi da garin farar ƙasa. Sannan idan ya bushe ƙurmus yana ƙin ruwa, ka zuba ka ga ya gangare ta gefe cikin yana nan a bushe. Akwai kuma batun muhalli, domin fit kusan milimita 1 kacal yake taruwa a shekara, abin da aka haƙe a rana ɗaya aikin ƙarnoni ne.

Wannan ya sa mutane da yawa suka koma ga garin ɓawon kwakwa. Ma'auninsa yana kusa da abin da ciyawa ke so, wajen 5.5 zuwa 6.8, kuma ko ya bushe yana karɓar ruwa cikin sauƙi. A ganina ya fi fit sauƙin sarrafawa ga wanda bai goge ba. Sai dai wanda ba a wanke da kyau ba yana ɗauke da sodiyam da fotashiyam masu yawa, kuma yana iya kame kalsiyam da magniziyam ya hana tsiro. Don haka a jiƙa shi, a wanke shi da ruwa mai daɗi sau biyu ko uku kafin a haɗa, ko a nemi wanda aka riga aka gyara da kalsiyam.

Falayit da famikulayit duwatsu ne da ake gasawa su kumbura. Na farko fari ne, mara nauyi, iska yake ƙarawa. Na biyu yana riƙe ruwa da abinci, kuma yana da kyau wajen rufe iri sama-sama. A cikin tire suna da amfani, amma a filin da za a taka suna murƙushewa, don haka ban ga dalilin zuba su da yawa a haɗin ciyawa ba. Ɓuntun shinkafa da aka turara ko aka babbake yana yin kusan aikin falayit. Garin katako ɗanye kuwa a guje shi. Sinadarin kabon da ke cikinsa ya ninka naitirojin sau ɗaruruwa, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sai su wawashe naitirojin ɗin da ke ƙasa, tsiro ya fito rawaya ya tsaya cak.

Taki ne wurin da aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kashin dabbobi ɗanye yana da gishiri da iskar amoniya masu ƙona saiwa, kuma cike yake da irin ciyayin da dabbar ta ci. A gadon kayan lambu ana iya gane baƙon tsiro a cire shi. A tiren ciyawa kuwa, baƙuwar ciyawa da wadda aka shuka kamarsu ɗaya a makonnin farko, sai an dasa sun bazu sannan asiri ya tonu, lokacin kuma raba su ya zama jan aiki. Takin da ya dace shi ne wanda ya ruɓe ya gama. Ka ɗebi ɗan kaɗan ka murza: baƙi-baƙi ne, yana wargajewa, ba ka gane abin da aka yi shi da shi, ba ɗumi, ƙanshinsa na ƙasar da ruwan sama ya taɓa. Idan yana warin fitsari ko tsami bai nuna ba. Tarin takin da zafinsa ya kai digiri 55 a ma'aunin Selshiyos ya kuma daɗe kwanaki a haka, ana juya shi, yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyayi. Ko mai kyan ne ma, ni ba na son ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na haɗin reno, kuma sai an tankaɗe shi da rariya, domin guntun kara ɗaya ya isa ya danne ƙwayar iri goma.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci, wanda kuma aka fi mantawa da shi: ciyawar da ake reno ba a tire za ta dawwama ba. Akwai filin da za ta koma, kuma ƙasar da ke manne da saiwarta tare za su tafi. Idan an rene ta a haɗi mai laushi mai riƙe ruwa, aka dasa a fili mai yashi, kowane dunƙule zai zama kamar ɗan soso a tsakiyar yashi. Ruwa ya maƙale a cikinsa, saiwa ta yi ta zagaye a ciki ta ƙi fita, tunda waje ya fi bushewa. Idan kuma an rene ta a haɗi mai gautsi aka dasa a yumɓu, ramin dashen yana iya zama ɗan kwano mai tara ruwa lokacin damshi, lokacin fari kuma yumɓun ya tsotse danshin dunƙulen. Haka abin yake ga shimfiɗar ciyawa da ake yankowa da ƙasarta kamar tabarma. Siririn yumɓun da ke ƙarƙashinta ya isa ya hana ruwa sauka a filin yashi shekara da shekaru. Shi ya sa masu manyan filayen wasa suke neman wadda aka rena a yashi irin nasu, ko wadda aka wanke ƙasarta tas kafin a shimfiɗa.

Don haka kafin a haɗa komai, a je filin a ɗebo ƙasarsa. A cika kwalba mai haske da ita zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, turɓaya bayan 'yan awanni, yumɓu kuwa sai ya yi kwana ɗaya ko fiye yana yawo. Layukan da suka fito su za su faɗa maka irin gidan da ciyawar za ta koma. Idan yashi ya rinjaya, haɗin kashi 4 na yashi da kashi 1 na garin kwakwa ko fit ko tankaɗaɗɗen taki ya wadatar, sai dai a shirya yawaita yayyafi. Idan ƙasar matsakaiciya ce, tsarin 2 da 1 da 1 na John Innes yana nan da amfaninsa, kuma zai fi kyau idan ƙasar filin kanta aka turara aka sa. Idan tiren gajere ne sosai, a rage ƙasar a ƙara abin da ke buɗe iska. Duk waɗannan da mudu ake auna su, ba da sikeli ba, domin buhun yashi da buhun fit nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Irin ciyawar ma yana da tasa magana. Masu son zafi kamar Bamuda da Zoyisiya ba sa tsirowa da kyau sai ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 18 zuwa 20 ko fiye. Masu son sanyi kamar rayigiras da feskiyu da shuɗiyar ciyawar Kentaki sun fi jin daɗin digiri 10 zuwa 18. Rayigiras yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10, ta Kentaki kuwa tana iya kai mako biyu zuwa wata guda, Zoyisiya ita ma ba ta gaggawa kuma irinta yana son haske. Duk irin da ke jinkiri yana buƙatar saman ƙasar da zai daɗe da danshi ba tare da ya yi ɓawo ko kore ba, don haka haɗinsa ya fi son abin riƙe ruwa. Wasu kamar San Ogastin da yawancin Bamudar da aka haɗa aure ba a shuka su da iri, da yankan rassansu masu yaɗo ake yaɗa su, kuma sun fi haƙuri da haɗi mai gautsi. Iri dai kada a binne shi fiye da milimita 3 zuwa 6, ƙananan ma danna su kawai ake yi su manne da ƙasa.

Yawancin ciyayin ado suna son pH tsakanin 6 da 7. Idan ya haura 7.5 ƙarfen da ke ƙasa yana kamewa, sababbin ganye su fito rawaya ko da akwai taki. Abincin da tsiro ya fi buƙata da wuri shi ne ɗan fosforas saboda saiwa, naitirojin kuma kaɗan-kaɗan bayan ganye na biyu ko na uku ya fito.

Wata safiya kana iya tarar da tsiron da ka bari tsaye jiya ya kwanta a wani da'ira, gindinsa ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi, wani lokaci da farin abu kamar auduga a kansa. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ciwon ruɓewar gindi ne, wanda ƙananan halittu irin su Fitiyam da Rizoktoniya da Fusariyam ke haddasawa. Fitiyam musamman ruwa yake bi, kuma idan zafi da laima suka haɗu yana iya share tire cikin kwana ɗaya ko biyu. Haɗin da ke tsane ruwa, da rage cunkoson iri, da ban-ruwa da safe, da barin iska ta ratsa, su ne rigakafinsa. Idan akwai ƙasar gona a haɗin, a turara ta tana da ɗan danshi a kan digiri 70 zuwa 80 na tsawon minti 30. Kada a wuce gona da iri, domin zafin da ya zarce haka yana sakin manganis da amoniya har su cutar da tsiro. Inda rana take da ƙarfi, ana iya jiƙa ƙasar a rufe ta da farar leda mai haske mako 4 zuwa 6. Tsofaffin tirori ma a wanke su, don cutar tana ɓoyewa a guntun ƙasar da ya maƙale.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan an gama haɗi, a jiƙa shi a damƙa a hannu: ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, da an taɓa shi da yatsa ya wargaje. Idan ruwa na tsiyaya ko dunƙulen yana sheƙi ya ƙi fashewa, laushin ya yi yawa. Daga nan a cika ƙananan mazubai biyu. Ɗaya a ƙirga ƙwayar iri 50 a shuka, ɗayan a bar shi haka nan ana ba shi ruwa. Bayan mako biyu zuwa uku, na farko zai nuna ko akwai gishiri ko guba a haɗin, na biyu kuma duk abin da ya tsiro a cikinsa baƙo ne da ya zo tare da ƙasar. Jinkirin waɗannan makonni ya fi asarar buhun iri sauƙi.

Lokacin dashe ma haɗin ne zai faɗa maka. Ka tura yatsa ta ƙofar gindin ramin ka ɗago dunƙule ɗaya. Idan ya fito cif da siffar ramin, fararen saiwoyi sun ɗaure shi ta ko'ina, ba wari, ya isa tafiya fili. Idan ƙasar ta zube ta bar tsiro tsirara, a ƙara masa lokaci. Idan kuma saiwoyin sun taru a sama kawai, gindin ya yi baƙi yana wari, to ruwa ne ya kwanta a ƙasan, sai a ƙara yashi mai kauri a haɗi na gaba ko a nemi tire mai zurfi.